Tsibin Duwatsun Misfa

Sunan surukina Malam Dalhatu. To, ga shi na faɗa, harshena bai guntule ba. Tun ranar da aka ɗaura mini aure da 'yarsa Hurera a Tudun Wada, sunan nan bai ƙara fita daga bakina ba, ban ci abinci a gabansa ba, ban kuma ɗaga kai na dubi fuskarsa ba. In na hango shi tafe, takalmi nake tuɓewa in durƙusa a gefen hanya har ya wuce. Haka aka tashe mu da kunyar suruki. Samarin da ke zama a bakin rumfata yanzu in sun ji wannan dariya suke yi, ni kuwa ba na taya su, don na san abin da kunyar nan ta ci mini.

Ni baduku ne, baƙo a Zazzau. Lokacin Tudun Wada ba ta wuce 'yan gidajen zana da na ƙasa a bayan ganuwa ba, inda Turawa suka ware wa irinmu da ba 'yan cikin birni ba. Malam Dalhatu yana rubuta laya, ni ina ɗinke masa ita cikin fata. Da ya ba ni 'yarsa na ɗauka hankalina ya gani, ashe basillata ya gani. Ba mu cika shekara da aure ba ya miƙe a bakin masallaci, ya buga ƙirji ya ce shi ba zai ƙara kwana a ƙasar da Nasara ke mulki ba, gabas zai yi. Ku tuna fa Nasara sun daɗe da cin Zazzau, har jirgin ƙasa ya iso, kuma ba wanda ya kai shi sayar wa leburorin hanyar jirgi laya. Abin da ya tayar masa da tsoron Allah shi ne wani sabon malami daga Tudun Jukun da ya fara janye masa mutane. Matarsa ta rasu, Hurera kaɗai gare shi, ya ce da ita zai tafi. Na bi matata, a kan za a sauke farali a dawo.

A garin Fallomi, kan hanyar gabas, na fara gane irin hannun da na faɗa. Mun tarar da Faransawa sun riga mu, Malam ya tofar da yawu ya ce wannan ma ƙasar kafirai ce, amma sai da muka yi damina biyu a cikinta, don Larabawan Shuwa suna son laya. Yana zaune a inuwa yana ƙus-ƙus a kan takarda, ni ina can bayan gida cikin warin jima, yatsuna duk sun tsage. In yana da magana da ni ba ya yi mini kai tsaye, ko da ina durƙushe a gabansa.

"Hurera, gaya wa mutumin naki fatar jiya ta yi kauri."

Ni kuma in ce wa ƙasa, "To, Baba."

A Fashir ba Nasara, muka ce to an iso. Malam ya samu gindin zama har ya yi tumbi. Sai ga Ingilishi sun zo sun ci garin, ya naɗe buzunsa. A Sawakin ma su ne a bakin teku da gajeren wandonsu, suna duba mana baki kamar za su sayi akuya. Duk inda tsohon nan ya gudu ya bar Nasara, sai mu tarar suna jiransa a gaba, amma ko sau ɗaya bai ji kunyar kansa ba. A Sawakin ɗin muka binne ɗanmu na fari, zazzaɓi ya ɗauke shi bai ko yi haƙori ba. Ran nan na ce wa Hurera da zarar an yi Arfa gida za ni da ita, in kai ta inda akwai mata 'yan'uwanta da ruwan da mutum zai sha bai saya ba. Daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai wannan.

An yi Arfa. Na yi kuka a gaban Ɗakin Allah, wannan kam ba zan raina ba. Amma ko ihrami ban gama ninkewa ba aka ce in bi wani Balarabe mai ɗinkin salka. Na bi shi, ina zaton aikin yini ne. Sai da na ji yana nuna ni ga maƙwabcinsa yana cewa bawan shehin Takari ne aka ba shi aro, sannan na san sunan da surukina yake kirana da shi a bayan idona. Takari shi ne abin da suke ce wa irinmu baƙaƙen yamma. Na yi wa mutumin nan bauta har wani aikin hajjin ya zagayo, abin da aka biya kuwa ban ga ƙurarsa ba. Na dawo a rame, na durƙusa na gai da Malam, ya ce wa Hurera ta gaya mini ziyarar Madina ta wajaba kafin a yi maganar gida.

Mai karatu zai ce me ya hana ni buɗe baki. Ba a yi ne. Mutum ba ya tsayawa gaban surukinsa ya ce masa a'a. Dattijo ake samu a aika, shi ya kai magana ya kawo amsa, kowa ya tsira da mutuncinsa. A gida ubangidana na sana'a da ya karɓa mini aure shi zai yi wannan, to yana can Tudun Wada. A Madina na gwada. Na samu wani tsoho Bahaɗeje cikin Takari, na zayyana masa komai, ya yi ta girgiza kai yana "Assha, assha," ya shiga wurin Malam da ƙarfinsa. Bayan la'asar ya fito da sabuwar laya a wuya, ya zaunar da ni ya yi mini wa'azi a kan falalar haƙuri.

Daga Madina Malam ya ce Ƙudus, daga nan kuma Istambul, don can ne kaɗai Musulmi ke da sauran sarauta. Muka bi ayari arewa, gefen hanyar jirgin Turkawa da yaƙi ya farfasa, ƙarafa a lanƙwashe, taragu a kife cikin rairayi. A nan girman kan tsohon ya kai maƙura. Ya daina taka ƙasa. Yana bisa jaki, Hurera tana riƙe da igiya a gaba, ni ina can baya nesa da kaya a ka, yadda ya kamata suruki ya bar tazara. Abinci sai ta kai masa cikin tanti ta sauke labule. In na yi mata maganar gida sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Maigida, bari dai mu kai zango na gaba."

Kewar gida ba da rana tsaka take kama mutum ba, a wurin ƙananan abubuwa take kamawa. A Ma'an wata Balarabiyar daji ta ga leɓen Hurera ya fashe, ta tatso mata nonon raƙumi ba ta karɓi komai ba. Na kurɓi sauran, sai kawai na tuna furar da ake damawa a bakin rafin Kubanni, da yadda dutsen Kufena ke yin shuɗi in hadari ya taso. Na koma bayan wani dutse na zauna har sai da madugu ya aiko nemana.

A ƙarshe muka haura wasu duwatsu masu itatuwa a arewa da kogin Zarƙa, muka sauka a wani ƙauye na Musulmi da Kiristoci. Nan ma labarin Ingilishi ake yi, sun karɓi ƙasar daga Turkawa. A ƙauyen na gamu da Yahaya, wani tsohon Bayahude mutumin Yaman, mai yawo gari-gari da jakinsa yana shafa wa tukwanen tagulla kuza su yi fari. Zugazuginsa ya yage, na ɗinke masa, ya ba ni rabin gurasarsa. Larabcina na kasuwa ne, nasa na hanci, amma muna fahimtar juna. Muna zaune sai Hurera ta wuce tana jan jakin Malam, na zabura na tuɓe takalmi na durƙusa.

Da suka wuce Yahaya ya ce, "Ubangidanka ne?"

Na ce, "Surukina ne."

Ya tambaye ni tun yaushe nake masa aiki, da abin da yake ba ni. Da na gaya masa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai, baƙon Allah, ka zo daidai wurin. Ka ga tudun can?" Ya nuna wani tsauni a gabas da ƙauyen. "Da harshen kakanninmu sunansa Misfa. Ma'anarsa wurin hange, inda mai tsaro yake tsayawa ya ga abin da ke tafe daga nesa. Garuruwa masu sunan nan suna da yawa a ƙasar nan, don ko'ina akwai tudu, ko'ina akwai abokin gaba. Amma na farko a littafinmu saboda suruki aka sa masa."

Na gyara zama.

Ya ce Annabi Yakubu ya yi wa surukinsa Laban kiwo shekara da shekaru a ƙasar gabas. Kullum in an yi alkawarin lada sai tsohon ya sake magana. Da abin ya ishe shi ya kwashi matansa da 'ya'yansa da dabbobinsa ya nufi gida ba sallama. Laban ya biyo sawu da mutanensa, ya cim masa a duwatsun nan. Aka yi cacar baki, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Daga nan suka tara duwatsu suka yi tsibi, suka ci abinci a kansa, suka rantse ba wanda zai ƙetare shi zuwa wurin ɗan'uwansa da mugun nufi. Suka kira tsibin shaida, kowa da harshensa, suka kuma kira wurin Misfa, wai Allah ya zama mai hange a tsakaninsu in sun ɓace wa juna. Da gari ya waye tsohon ya sa wa 'ya'yansa albarka ya juya.

"Wasu suna ɗauka addu'ar bankwana ce ta masoya," in ji Yahaya. "Ina! Maganar wanda bai yarda da kai ba ce. Tunda idona ba zai kai gare ka ba, na bar ka da Wanda idonsa yake kaiwa."

Na ce, "Ka tabbata tudun nan ne?"

"Wasu sun ce shi ne, wasu sun ce yana can gaba. Ban kasance a wurin ba. Duwatsu dai ga su nan, ba su ƙare ba."

Na dubi gemunsa, fari fat. Na tashi na je na samo busasshen ɓaure cike da tafi biyu, tunda ba goro a ƙasar, ba a kuma aiken dattijo hannu banza. Na ajiye a gabansa na ce ya zama wakilina.

Ya zaro ido. "Ni Bayahude in shiga tsakanin Musulmi biyu? Ku da harshenku ɗaya, kuna kwana gida ɗaya? Ba ga shi can ba, je ka gaya masa mana!"

"Ba a yi."

"Wa ya hana?"

"Ba a yi ne kawai."

Ya daɗe yana kallona kamar wanda ya ga tunkiya tana salla. Sannan ya zuba ɓauren a aljihu ya miƙe yana gunaguni da harshensu.

Na laɓe a bayan katanga ina ji. Yahaya ya kai saƙo tsaf, bai rage ba. Na gaji, gida nake so, da matata zan tafi, a tara duwatsu a rabu kamar yadda na farko suka yi. Malam ya ce, "Musulmin duniya sun ƙare ne, sai Bayahude zai turo mini?" Daga nan na ɗauka ya yi abin da ya saba, wato barcin ƙarya. Can ya ce, "Ya ɗauki matarsa. Ni ban taɓa bukatar kowa ba." Hurera ta fara magana, ya daka mata tsawa ta yi shiru.

Da hantsi muka hau tudun. Daga samansa ana ganin kwari har iyakar ido, da hanyar da muka biyo tana lanƙwasa zuwa kudu. Zuciyata ta yi fari, rabon da in ji haka tun Zazzau. Ni da Yahaya muka yi ta jidar duwatsu har tsibin ya kai gwiwa. Malam yana bisa jakinsa kamar hakimi, Hurera ta miƙa masa ɗan dutse guda ya shafa, ta ɗora masa a kai. Ko a rantsuwarsa sai da wani ya yi masa dako.

Yahaya ya faɗi sharaɗin, ba mai ƙetarewa zuwa wurin wani da mugun nufi. Na ce masa ya cire mugun nufin nan. Na san mutumina. In aka bar masa wannan ƙofar, kafin mu kai Ma'an zai biyo mu da kyakkyawan nufi da sabuwar fata. Kada ya ƙetaro kudu, kada in ƙetara arewa, da sharri ko da alheri. Malam ya ce ya yarda. Muka rantse da Allah, shi a gefensa ni a gefena, Hurera ta ɗauko ƙunshin kayanta ta ajiye kusa da nawa.

"Saura ci," in ji Yahaya. Ya fito da gurasa da ɗan akushin man zaitun ya ɗora a kan tsibin. "In ba ku ci tare ba, duwatsu kawai kuka tara."

Na ratsa hamada da ƙafa, na ga ana jefa gawa a teku, amma ban taɓa gamuwa da abin da ya yi mini nauyi kamar wannan ba. In sa hannu a akushi ɗaya da surukina! Na tuna warin jimar Fallomi, na tuna mai salka yana nuna ni da baki, na tuna ɗan ramin Sawakin. Na matsa na zauna da takalmina a ƙafa. Hurera ta sauko da shi daga jaki ta zaunar da shi a ɗaya gefen. Na gutsuri gurasa na tsoma, na ɗaga kai don in dube shi ido cikin ido sau ɗaya kafin mu rabu.

Hannunsa yana lalube a kan duwatsu, gefen akushin, yana taɓa nan yana taɓa can. Idanunsa duka biyu yanar ido ta rufe su, fari fat kamar an zuba musu koko. Ya ɗaga haɓa da isa yana fuskantar inda yake zaton nake, ya kauce mini da kusan kamu guda.

Na haɗiye gurasar. Na ce wa Hurera, "Tun yaushe?"

"Tun Madina ya fara. Daga Ma'an ko rana ba ya gani."

"Shi ne ba ki gaya mini ba?"

"Ya hana ni. Kai kuma, Maigida, kullum idonka yana ƙasa."

Malam ya samu akushin, ya tsoma gurasarsa ya kai baki, mai yana bin gemunsa. Ya ce, "Hurera, gaya wa mutumin naki an gama. Ku kama hanya rana tana yi."

Karon farko a rayuwata na yi masa magana kai tsaye. Na ce, "Baba, mu koma gida gaba ɗaya. Rantsuwa tana da kaffara, ni zan yi azumin tawa, kai ma ka yi naka. Zan ja jakin."

Ya yi irin murmushin da yake yi wa masu sayen laya. "Hurera, gaya masa. In koma Tudun Wada ana jana da sanda? Mutanen da na tsaya a kansu na ce musu sun sayar da addininsu, su riƙa jefa mini anini a bakin masallaci? Gara kura ta ci ni a hanyar Istambul."

Ga irin mutumin da na yi wa durƙuso rabin ƙuruciyata. Bai roƙi kowa ba, bai ce wa 'yarsa ta zauna ba, har sallamarta ya yi a gaban shaida. Ya dai bari aka kawo shi kan tudu a ƙasar da bai san kowa ba, ya zauna yana laluben akushi a gabanta. Har yau in aka ce mini alheri ya yi nufi, sai in ce wanda ya faɗa bai taɓa ɗinke masa laya ba.

Hurera ta sunkuya ta ɗauki ƙunshinta. Na ce, "Ina za ki? An rantse."

"Ku kuka rantse," ta ce. "Ni ba wanda ya tambaye ni."

"To ni fa? Gidan fa?"

"Kai kana ganin hanya."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta ƙetara ta gefen tsibin, ta goge masa gemu da bakin mayafinta, ta kama shi ta ɗora bisa jaki. Na ce mata in Allah ya yi masa cikawa ta nemi ayarin alhazai, za ta same ni a rumfata, igiyar aurenta tana hannuna. Ta gyaɗa kai ba ta juyo ba. Malam ya ɗaga hannu ya fara sa mini albarka da babbar murya, irin ta bakin masallaci, yana fuskantar jakin Yahaya. Ta kama kafaɗarsa ta juyo da shi saitina har ya gama. Ban ce amin ba.

Ina iya tsallake duwatsun nan da taku ɗaya, ba su wuce gwiwa ba. Amma bayansu Istambul ce, bayan Istambul kuma wani garin, da basilla a hannuna har in mutu. Na tsaya inda nake ina kallonsu suna gangarawa, ita a gaba da igiya, shi a sama da rawaninsa a karkace, har itatuwa suka rufe su. Wannan shi ne ganina da ita na ƙarshe. Na dawo Tudun Wada ni kaɗai, kuma duk alhajin da ya sauka a tashar Zariya sai na je na tambaye shi, ba wanda ya taɓa jin labarinsu.

Ran nan a kan tudun, Yahaya ya gama tattara akushinsa ya ɗaure wa jakinsa kaya. Ya dubi tsibin, ya dube ni, ya sosa gemu.

"A littafinmu dai," ya ce, "matan, mijinsu suka bi."

Na ce masa ya ja jakinsa mu tafi.